Wane lokaci ya fi dacewa da ziyarar Balensiya?

Malam, ka ce hutun mako ɗaya kake da shi, kana so ka ga al'adun Balensiya ta Sifaniya. To, ka je a watan Maris, lokacin bikin Fallas. Unguwanni kan shekara suna ƙera manyan mutum-mutumi, sai a cinna musu wuta daren 19 ga wata. Kullum da ƙarfe 2 na rana ana tartsatsin wuta a dandalin majalisar gari, ƙarar har ƙirji kake jinta.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne kotun ruwa: kowace Alhamis da tsakar rana manoma na zama ƙofar babbar coci, suna raba gardamar ban ruwa da baki, ba takarda. Ka kama masauki da wuri, gari na cika maƙil.