Amsa ga mai shirin fara farauta a Amurka

Ɗan'uwa, ka ce abokan aikinka sun gayyace ka farautar agwagwa, kana tambaya me za ka tanada. Bayan lasisin jiharka, sai ka sayi kan sarkin farautar agwagwa na gwamnatin tarayya, dala 25; wajibi ne ga duk mai shekara 16 zuwa sama. Harsashin dalma kuma an haramta shi a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, nemi na ƙarfe.

Ranar da suka kai ka farautar talotalon daji, don Allah kada ka sa ja, fari ko shuɗi. Launin kan namijin ke nan, wani maharbi na iya auna ka.

Ranar farautar agwagwa kuwa, ka je da sassafe, ka taya su shimfiɗa agwagwin roba a ruwa, waɗanda ake janyo na gaske da su. Nan tsofaffin hannu suke buɗe baki su koya maka.