Ganye da furannin roba a ɗakin amarya: wane iri ne ke jure yanayinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma ni ce zan yi jeren ɗakin ƙanwata da za a aurar. Ina so in ƙawata falonta da ganye da furannin roba, amma wata ƙawata ta ce ba sa daɗewa a garinmu. Shin haka ne, kuma wane iri ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa, Allah ya sanya albarka a auren. Maganar ƙawarki tana kan hanya, sai dai daɗewar wannan kaya ta dogara ne da irin da aka saya da kuma inda aka ajiye shi.

Abin da muke kira furen roba iri biyu ne. Akwai na yadi, wanda ake yanka ganyensa daga yadin poliyesta a manna shi da gam a jikin waya, akwai kuma na roba zalla, wanda ake narkarwa a fitar da siffar ganye har da jijiyoyinsa. Mafi yawansu daga ƙasar Sin suke zuwa, musamman daga babbar kasuwar birnin Yiwu, kuma kafin su iso mana sun sha doguwar tafiya a matse cikin kwali, shi ya sa ake ganin ganyen a lanƙwashe. Wannan ba aibi ba ne. Idan aka kara na yadi kusa da tururin ruwan zafi, zai miƙe.

Babbar matsalarmu ita ce ƙura. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, kuma tana da laushin da take shiga ɗaki ko da an rufe tagogi. Furen yadi yana shan wannan ƙura har cikin zarensa, ta yadda farin fure kan koma ruwan ƙasa kafin damina ta sauka, kuma idan aka jiƙa shi sosai gam ɗin ya saki, rinin ya zuba. Na roba zalla kuwa, ana iya fitar da shi tsakar gida a wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu, a shanya a inuwa. Saboda haka shi nake ba ki shawarar saya, ko da ya fi tsada. Kada dai a kusanto shi da ruwan zafi ko ruwan javel, wato bilic ɗin wanke fararen kaya.

Sai rana. Haskenta yana cinye rini, ja shi ne kan riga kowa koɗewa, roba kuma ta bushe ta fara karyewa, don haka bakin taga ba wurinsa ba ne. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40, duk abin da aka rataya kusa da rufin kwano marar silin yana cikin haɗarin sakin gam.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne turaren wuta, wanda ɗakin amarya ba ya rabuwa da shi. Hayaƙinsa yana barin maiƙo a kan ganye, ƙura ta zo ta manne a kai, ga shi kuma roba tana narkewa da zarar garwashi ya taɓa ta. A nisanta kasko da ita.

Game da yawa, a ganina masu zagaye bango da silin da igiyoyin ganye suna ɗora wa amarya aikin da ba za ta iya ba, domin abin da ba a iya saukewa a wanke, gidan gizo-gizo zai zama. Dogon ganye guda a kusurwar da haske ba ya isa, da ɗan ƙarami a kan tebur, sun wadatar. Ki cire shi daga 'yar robar da ya zo da ita, ki dasa shi a tukunyar ƙasa da aka cika da yashi, a rufe saman da tsakuwa. Nauyin zai hana shi faɗuwa, kuma zai fi kama da na gaske. A wurin saye ki zaɓi wanda korensa bai zama launi ɗaya ba, ki kuma ɗan ja ganye guda: idan ya fita cikin sauƙi, ki bar shi, musamman da yake yara ƙanana za su riƙa shigowa suna kai abin da suka tsinta baki.