Matata mata kawai take haifa: shin laifinta ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, muna zaune a Agege. Matata ta haifa mini 'ya'ya huɗu, duk mata. Hajiyarmu ta aiko daga gida cewa ba ta da ƙwan namiji, in sake ta ko in yi mata kishiya. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya raya maka su. A Suratush Shura, aya ta 49 da 50, Allah ya ce yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa duka, kuma yana barin wanda ya so bakarare. Kyauta ya kira su, kuma da mata ya fara.

Sababin da Allah ya sanya kuwa likitoci sun tabbatar da shi. Ƙwayar halittar ɗan Adam tana ɗauke da wasu ƙananan zarurruka masu ɗauke da siffofin gado, waɗanda ake kira kiromosom, guda 46, an jera su biyu-biyu, kuma biyun ƙarshe ne suka shafi jinsi: mace XX, namiji XY. Ƙwan mace X yake ɗauka a kullum, don ba ta da wani. Maniyyin namiji ne ya rabu, wasu ƙwayoyinsa X, wasu Y. Idan mai Y ya shiga ƙwan, wani sashe a jikinsa da ake kira SRY, wanda aka gano a 1990, shi ke juya ɗan tayi ya zama namiji wajen mako na shida zuwa bakwai. Idan mai X ne, mace ake samu. Ke nan babu wata mace a duniya mai "ƙwan namiji". Suratun Najmi ma ta ambaci halittar namiji da mace daga ɗigon maniyyi. Kai ma ba ka da laifi, domin cikin miliyoyin ƙwayoyin nan babu wanda ke zaɓar mai isa gaba sai Allah.

Saboda haka, yi mata gori ko sakinta a kan wannan zalunci ne, kuma biyayyar uwa ba ta kai nan ba. Ka lallashi Hajiya da ladabi, ka yi mata bayani. Abin yana mini ciwo, domin baƙin ciki da haihuwar mace ɗabi'ar jahiliyya ce da Suratun Nahli ta la'anci hukuncinta, alhali Muslim ya ruwaito cewa wanda ya reni 'ya'ya mata biyu har suka balaga zai zo ranar alƙiyama tare da Annabi (SAW).

Ƙarin aure halal ne ga mai iya adalci da ciyarwa, amma amarya ma X za ta bayar. Masu tallar maganin haihuwar namiji kuma, kada ka ba su ko kwabo, cin dukiyar mutane ne da ƙarya. Roƙon Allah ya ba ka ɗa namiji ya halatta, Annabi Zakariyya ya roƙa.

Wallahu a'alam.