Jirgi da injin laka don farautar agwagi: "ai ruwan bai kai gwiwa ba"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Baton Rouge, jihar Luwiziyana ta Amurka. Abokan aikina sun koya min farautar agwagin daji a fadama, har na ji ina son in mallaki jirgin kaina. Na samu wani na hannu, na alminiyom, samfurin 1436, mai shi kuma ya ce zai haɗa min da injin laka, wato injin da aka ƙera don bin laka da ruwa mara zurfi, mai gajeriyar wutsiya (sandar da farfela ke jiki), ƙarfin dawakai 35, a farashi mai sauƙi. Mu uku za mu riƙa fita, wani lokaci har da ɗana mai shekara 12. Ban iya iyo sosai ba, uwargida kuma hankalinta ya ƙi kwanciya. Mai jirgin ya ce kada in damu, ruwan wajen bai kai gwiwa ba. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi wannan haɗin, ɗan'uwa, kuma uwargida ta fi mai jirgin gaskiya.

Jirgin 1436 tsawonsa ƙafa 14, faɗin gindinsa inci 36 kacal. Duba ƙaramin allon da ke manne kusa da mazaunin direba, wanda dokar Amurka ta wajabta wa irin waɗannan jirage da ba su kai ƙafa 20 ba. Galibin masu wannan girma an rubuta musu dawakai 15 ko 20, da kayan da ba su wuce kilo 250 zuwa 300 ba, har da injin. Injin da ake son maƙala maka shi kaɗai ya haura kilo 100, kuma duk nauyin a kan bangon baya yake. Ƙara maza uku, da batir, da tankin fetur, da bindigogi, da buhun agwagin roba na yaudarar agwagin daji, da karen abokinka in yana da shi. Kun kusa ninka abin da allon ya yarda tun ba ku bar bakin ruwa ba.

In wannan jirgin ne ya shiga ranka, abin da ya dace da shi inji mai doguwar wutsiya ne, dawakai 6 zuwa 13, da mutum biyu. Irin wannan inji asalinsa daga Tailan ne, a Luwiziyana kuma Warren Coco ya fara ƙera nasa da sunan Go-Devil a 1977, nan Baton Rouge inda kake. Ba shi da gudu, galibi ba shi da ribas, kuma sai ka sha wuya a kafaɗa, amma yana huda laka da ciyawa, gyaransa kuma duk mai gyaran janareta zai iya. Mai gajeriyar wutsiya, irin na kamfanonin Gator-Tail ko Pro-Drive ko Mud Buddy, ya fi gudu da sauƙin juyawa, ya fi tsada da nauyi. Ku uku kuwa, a ganina kada ka sauka ƙasa da jirgi samfurin 1648 (tsawo ƙafa 16, faɗin gindi inci 48) na walda, mai kaurin ƙarfe 0.100 na inci, da dawakai 23 zuwa 27. Dawakai 35 wurinsu 1754 ne zuwa sama. Jirgin da aka haɗa da ƙusoshi bai daɗe a hannun injin laka, girgiza ce ke sassauta su har ya fara yoyo.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ɓata min rai, wadda kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani: wai ruwan bai kai gwiwa ba. Dillalai na faɗa, tsofaffin mafarauta na faɗa, masu ɗora bidiyo a YouTube suna tsaye a jirgi ba rigar ceto ba igiyar kashe inji (wadda direba ke ɗaurawa a jiki don injin ya mutu in ya faɗi) suna faɗa. Wannan jimla ita ce ke sa mutum ya cika jirgi fiye da ƙima, ya tura rigar ceto ƙarƙashin benci, ya ce ai ko an kife tashi za a yi a taka a fita.

Da farko, wane ruwan? Inda za ka zauna ka jira agwagi ne bai kai gwiwa ba. Kafin ka isa can sai ka bi magudanan da kamfanonin mai suka haƙa cikin fadamun, ko ka tsallaka buɗaɗɗen tabki, ko babbar hanyar jiragen kaya ta gaɓar tekun, wadda aka yashe ta har ƙafa 12. Kuma da asuba za ka bi, cikin duhu, sau da yawa cikin hazo, domin ana fara harbi ne rabin sa'a kafin fitowar rana. Jirgin dakon kaya ɗaya in ya gifta, igiyar ruwan da ya bari ta ishi jirgi mai faɗin inci 36 da ya nutse har baki.

Ba ma sai wani jirgi ya gifta ba. Ka ɗauka kana gudu, ka hango kututture, ka daina ba injin mai farat ɗaya. Jirgin ya tsaya, amma ruwan da ka taso a bayanka bai tsaya ba. Zai zo ya hau bangon baya, wanda nauyin inji da naka suka riga suka danne har saura yatsu kaɗan. Cikin daƙiƙoƙi ruwa ya kai idon sawu, mutanen gaba su zabura su karkata gefe guda, shi ke nan.

To an kife a inda ruwan bai kai gwiwa ba ɗin. Ƙasan fadamar Luwiziyana ba yashi ba ne. Laka ce mai laushi wadda mutum ke taka ta ya nutse har cinya, ya yi yunƙurin zare ƙafa ɗaya ɗayar ta ƙara shiga. A wasu wuraren ma ciyawar da kake gani shimfiɗe take a kan ruwa, ƙarƙashinta babu komai. Ga ka sanye da dogon wandon roba mai kaiwa ƙirji, ya cika da ruwa. Cikin ruwa ba zai ja ka ƙasa ba kamar yadda ake yayatawa, amma gwada ɗaga kanka zuwa cikin jirgi da shi ka gani. Shi ya sa ake ɗaure shi da bel a ƙugu.

Sannan sanyi. Kakar agwagi daga Nuwamba ce zuwa Janairu, kuma ranakun da agwagi suka fi sauka su ne ranakun da iskar arewa ta taso. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki ya ninka iska sau ashirin da wani abu. Minti na farko numfashi ne ke ƙwace maka, wanda bai sa riga ba a nan yake shaƙar ruwa. Bayan kamar minti goma yatsu sun daina kama komai, ko da gwanin iyo ne. Iskar arewan nan kuma tana kore ruwa daga fadama zuwa teku, hanyar da ka shigo da safe kafin azahar ta koma caɓi, mai zuwa ceto ma bai da ta inda zai bi. Mafarautan yankin kogin Misisipi har yau suna tuna 11 ga Nuwamba 1940, ranar da aka wayi gari da ɗumi, aka fita da kaya marasa nauyi, guguwar ƙanƙara ta rufe mutane a tsibirai, da dama ba su dawo ba. Rahoton da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa kowace shekara kusan abu ɗaya yake maimaitawa: cikin waɗanda suka nutse, fiye da takwas cikin goma ba su sanye da rigar ceto. Mu da muke jin labarin kifewar kwalekwale a Neja da Kebbi da Sakkwato, lodi ya yi yawa, dare ya yi, ba riga, bai kamata a sake sayar mana da wannan magana a ƙasar wasu ba.

Doka ma ta riga ta yanke. A Luwiziyana, jirgin da bai kai ƙafa 16 ba kuma da hannu ake riƙe sitiyarin injinsa, kowa da ke ciki sai ya sa rigar ceto muddin ana tafiya. Ɗanka dole ne ya sa ko a jirgin da ya fi wannan girma. Tun 1 ga Afrilu 2021 dokar tarayya ta wajabta amfani da igiyar kashe inji a jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu. Injin laka a tsaye ake tuƙa shi, farfela ta bugi itace ta cilla ka, in igiyar ba ta ɗaure a jikinka jirgin zai yi ta zagaye ya dawo kanka. In an haife ka bayan 1 ga Janairu 1984, sai ka yi kwas ɗin tuƙin jirgi kafin ka riƙe injin da ya wuce dawakai 10. Ka kuma karanta ƙa'idar dajin gwamnatin da za ka shiga, domin wasu na da sassan da aka hana shiga da inji gaba ɗaya.

Duk jirgin da za ka saya, ka ce a sa shi a ruwa da rana, ku ukun ku hau da kayanku, ka leƙa bangon baya ka ga tazararsa da ruwa, sannan a yi gudu a saki mai ka ga abin da zai faru. Ka buɗe bencina ka duba soson da ke hana jirgi nutsewa, domin masu farauta kan ƙwaƙule shi su samu wurin ajiya, mai sayarwa kuma ba zai gaya maka ba. Ka saka doguwar gora da filafili a ciki. Yaron kuwa ka bar shi a gida wannan kakar, ku biyun ku yi rajistar koyon iyo a wurin ninkaya na unguwa, in Satumba ta zagayo ruwa da ɗumi sai ka fara fita da shi da rana.