Injin akori-kura yana mutuwa da zarar ya yi zafi

Malam, ka ce tsohuwar akori-kurarka mai kafireto tana tashi lafiya da safe, amma kafin ka kai Kawo daga Tudun Wada sai ta mutu, ba ta sake tashi sai ta huce. Kada ka bari a sauke injin tukuna.

Ni koyil, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, nake fara zargi. Idan ya tsufa, wayar cikinsa kan rabu in ya ɗauki zafi, ta sake haɗuwa in ya huce. Gwajin sai a lokacin da motar ta mutu, don da safe komai zai nuna lafiya lau. Ka zare wayar fulogi ɗaya, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin, wani ya murza maka makulli. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ake so a ga ta tsallaka daga bakin wayar zuwa jikin injin. In ja ce mai rauni, ko babu sam, ka canza koyil da kwandansa tare, ka duba kwantak, wato makunnin da ke yanke wa koyil wuta yana haɗawa. Kwandansa ita ke kare kwantak daga ƙonewa.

In wuta na nan, koma kan mai. Buɗe murfin tanki: ka ji ya ja iska fuu, to hudar numfashinsa ce ta toshe. Duba kuma tiyon fetur, in ya matso kusa da salansa, zafin Maris da Afrilu kan tafasa man ya zama tururi, famfon mai ya kasa turawa. Jiƙa tsumma ka ɗora wa famfon. In ta tashi, ka kama ɓarawon.

Baƙin hayaƙi kafin ta mutu kuwa mai yiwuwa cok, wato marfin da ke rage wa kafireto iska, ne ya maƙale. Duk waɗannan in sun fita daga zargi, bakanike ya auna tazarar bawul. Kuma in za ka kasuwar Panteka sayen koyil, tafi da tsohon a hannunka, don akwai mai buƙatar rizista, abin da ke rage masa wuta, akwai wanda ba ya so.