Amsa: Cialdini ko Kahneman, wanne zan fara karantawa?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda ka ce shago kake tsaro kuma lokacinka kaɗan ne, ka fara da littafin Influence na Robert Cialdini, wanda ya fito a 1984. Mutumin ya yi shekara uku yana shiga horon masu sayar da motoci da masu neman tallafi a Amurka, ya ga dabarunsu da idonsa, sannan ya tara su a ƙa'idoji 6.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ramuwar alheri. Ya ba da labarin 'yan wata ƙungiyar addini mai suna Hare Krishna da ke miƙa wa matafiyi fure a filin jirgi, su ce kyauta ce, sannan su nemi taimako. Da yawa kunya kan sa su bayar, ko da furen zai ƙare a kwandon shara. Amma don Allah ka karanta shi don ka gane mai son yaudararka, ba don ka yaudari abokin ciniki ba.

Thinking, Fast and Slow na Daniel Kahneman, na 2011, yana da nauyi sosai. Ka bar shi sai daga baya, kuma idan ka zo kansa kada ka tsallake babin da ya nuna yadda farashin da aka fara ambata ke maƙalewa a zuciyar mai saye har ƙarshen ciniki.