Jakina Yana Tauna da Gefe Ɗaya

Tambaya: Likita, ina da jakin karo, wato mai jan amalanke, a nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Bara turminsa (haƙorin tauna) ɗaya na ƙasa ya fita. Yanzu da gefe ɗaya yake tauna, yana zubar da harawa dunƙule-dunƙule, kuma ba ya yarda a taɓa masa gindin kunne. Me ya haɗa haƙori da kunne?

Amsa: Malam, ba kunnen ne ke ciwo ba. Tsakanin ido da gindin kunne mahaɗar muƙamuƙi take, kuma kan ƙashin wurin lulluɓe yake da guringuntsi.

Turamen jaki 24 ne, suna ƙara fitowa kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara, gugar juna wajen tauna ce ke cinye ƙarin. Da na ƙasa ya fita, na samansa ya rasa abokin guga, sai ya yi ta zurowa cikin giɓin har ya tokare niƙan da muƙamuƙi ke yi gefe zuwa gefe. Nauyin tauna sai ya koma kan mahaɗa ɗaya.

An gwada wannan a jikin ɓeraye: aka liƙa wani abu a kan haƙoransu don cizo ya ƙara tudu. Cikin makonni guringuntsin ya sauya, ƙwayoyinsa suka fara mutuwa, ya sirance, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ma ya zaizaye. Guringuntsi ba shi da hanyar jini, ruwan gaɓa yake tsotsa idan an matsa shi an saki, shi ya sa warkewarsa ke da nawa.

Kai shi wurin likitan dabbobi ya ba shi allurar kwantarwa, ya buɗe bakin da ƙarfen buɗe baki, ya goge dogon turmin da magagari. Kada a rage fiye da milimita 3 zuwa 4 a zama ɗaya, in an zarce sai a taɓa ɓargon haƙorin ya ruɓe. Sauran a bari sai bayan wata 3. Masu karya shi da filaya kuwa, a guje su, tsaga haƙori suke yi har saiwa.

Jiƙa masa dusa na ƴan kwanaki, amma kada ka raba shi da harawa, domin abinci mai laushi kullum shi ma yana sirantar da guringuntsin. Turmin da ya fita kuma ba zai sake fitowa ba, don haka duk wata 6 a sake duba na saman.